Kafin a raba wa asibitoci da makarantu kwamfutocin hannu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon a ba mu fili mu tofa albarkacin bakinmu kan maganar da ta zama ruwan dare yanzu, wato shigar da wayoyin hannu da ƙananan kwamfutoci cikin aikin asibiti da na aji. Mu da muka rubuto wannan wasiƙa wasunmu ma'aikatan lafiya ne, wasunmu malaman makaranta, kuma ba ƙin na'urorin muke yi ba. Abin da ke damunmu shi ne, duk inda aka tashi irin wannan shiri, ƙidayar na'urori ake yi: an raba dubu kaza, an ɗauki hoto, an watse. Da wuya ka ji wanda ya ce ga takamaiman aikin da na'urar za ta yi, ga wanda zai amsa idan ta kawo saƙo, ga inda za a yi mata caji, ga mai gyara idan fuskarta ta fashe. Alhali a nan gizo ke saƙar.

Abin ba na yau ba ne. Bayan ƙaramar kwamfutar aljihu ta Palm ta fito a 1996, likitoci sun rungume ta, domin manhajoji irin su Epocrates sun mayar da ƙaton littafin magunguna abin jefawa a aljihun riga. Sai iPhone a 2007, wayoyin Android a 2008, iPad a 2010. Kimanin shekara talatin ke nan ana gwaji, kuma an san abin da ya yi aiki da wanda bai yi ba.

A Kenya an yi wani bincike da mujallar Lancet ta buga a 2010, kan mutum 538 da suka fara shan maganin cuta mai karya garkuwar jiki. Rabinsu ana aika musu gajeren saƙo sau ɗaya a mako, ana tambayar lafiyarsu, su kuma su amsa cikin sa'a 48, ko lafiya lau ko akwai matsala. Bayan shekara guda, kashi 62 cikin ɗari na masu samun saƙo suna shan magani yadda ya kamata, a ɗaya rukunin kuwa kashi 50. Masu kawo wannan misali sukan tsaya a nan, su ce ga amfanin saƙon waya. Amma duk wanda ya ce akwai matsala, ko ya yi shiru, ma'aikacin lafiya ne yake ɗaukar waya ya kira shi. A cire wannan mai kira, saƙon ya zama hayaniya kawai. Haka shirin SMS for Life na Tanzaniya, wanda aka gwada a cibiyoyin lafiya 129 daga 2009 zuwa 2010: kowane mako ma'aikaci ya ƙidaya maganin zazzaɓin cizon sauro da ya rage masa ya tura adadin ta waya. Cikin mako 21, cibiyoyin da wani nau'in maganin ya yanke musu suka ragu daga kashi 78 zuwa 26. Wayar ba ta kai ko ƙwaya ɗaya ba. Jami'in gunduma ne ya duba lissafi ya kwaso daga inda ya yi yawa ya kai inda babu. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2019 kan wannan fanni, ta faɗa ƙarara cewa fasahar zamani ba ta maye gurbin tsarin lafiya mai aiki.

Inda muka fi so a buɗe ido shi ne lissafin magani, don a nan ne kuskure ke taɓa rai kai tsaye. A ɗauki yaro mai nauyin kilo 12 da za a ba farasitamol, miligiram 15 ga kowane kilo. Manhaja za ta ce miligiram 180, kuma ta yi daidai. To amma maganin ruwan yana zuwa da ƙarfi iri biyu da aka fi sani: akwai mai miligiram 120 cikin mililita 5, akwai mai 250 cikin mililita 5. Da na farko yaron zai sha mililita 7.5, da na biyu 3.6. Idan manhajar tana kan na farko, kwalbar da ke hannun ma'aikaci kuwa ta biyu ce, yaro ya sha miligiram 375, fiye da ninki biyu. Wani tarkon kuma ma'aunin nauyi ne. Manhajojin da aka yi don kasuwar Amurka sukan zo a kan fam, kuma kilo ɗaya fam 2.2 ne. Wanda ya rubuta 12 a gurbin fam ya ba yaro ƙasa da rabin maganinsa, wanda ya rubuta 26, wato nauyinsa da fam, a gurbin kilo ya ninka masa fiye da sau biyu. Ga kuma ɗigon da ke raba lamba: yatsa ya zame a kan ƙaramar fuska, 1.0 ta koma 10.

Kada a ɗauka duk manhajar da ke cikin rumbun Google ko na Apple wani ya tantance lissafinta. A 2015 masu bincike a Landan suka gwada manhajoji 46 masu lissafa allurar insulin ga masu ciwon suga, suka tarar kashi 67 cikin ɗari na iya ba da adadin da bai dace ba, kuma mafi yawansu suna karɓar kowace lamba aka danna musu ba tare da sun ce uffan ba. Don haka kafin asibiti ya amince da wata manhaja, mai harhaɗa magunguna ya zauna da ita ya jarraba ta da lissafi goma ko ashirin da ya riga ya yi da biro. Ya sa mata nauyin da ba zai yiwu ba, kamar jariri mai kilo 90, ya ga ko za ta tsayar da shi. Ya bar gurbi ɗaya babu komai ya ga abin da za ta yi. Ya duba wanda ya wallafa ta, da ranar da aka sabunta ta, da ƙa'idar ƙasar da take bi. A bakin gado kuma, a karanta ƙarfin magani daga jikin kwalba, a yi kimanta da ka kafin a dubi amsar waya. Magunguna masu haɗari irin su insulin da na barci da fotashiyam, mutum biyu ne za su lissafa, kowa daban.

Akwai aikin da wayar ke yi da kyau ƙwarai: jagorantar ƙaramin ma'aikaci tambaya bayan tambaya, don kada ya tsallake wata alamar haɗari. Yaro mai tari, misali, ana ƙidaya numfashinsa: daga wata 2 zuwa ƙasa da shekara, 50 ko fiye a minti ɗaya sauri ne, daga shekara ɗaya zuwa biyar, 40, ƙasa da wata 2, 60, kuma a maimaita ƙidayar. Manhaja tana riƙe waɗannan iyakoki ta kuma buga agogo. Sai dai ƙidayar ta ido ce, kuma dole yaro ya natsu, a cika minti guda cur. Mai gaggawa yakan ƙidaya na daƙiƙa 15 ya ninka sau huɗu, alhali numfashin jariri ba ya tafiya bai ɗaya, yakan ruga ya dakata. Wani abin da ba a kulawa da shi: manhajar daga kwanan watan da ke cikin waya take lissafa shekarun yaro. Batir ya mutu, agogon waya ya koma wata shekara can baya, sai ta sa yaro a rukunin da ba nasa ba, ranar riga-kafinsa ma ta rikice. Kowace safiya a dubi kwanan wata kafin a ga mara lafiya na farko. Kowace yamma a tabbatar fom ɗin da ba a tura ba sun koma sifili, domin manhajoji irin su ODK da CommCare suna ajiye bayanai cikin waya har a sami sabis, kuma wayar da ta ɓace da aikin mako biyu a cikinta, aikin ya tafi ke nan.

Sai manhajojin da ke da'awar awo da waya zalla. Wata mai suna Instant Blood Pressure ta ce a ɗora waya a ƙirji, yatsa a kan kyamara, za ta faɗi hawan jini. Da masu bincike na Jami'ar Johns Hopkins suka gwada ta a 2016, kusan huɗu cikin biyar na masu hawan jini ta ce musu ba su da shi. Irin wannan kam, da muguwar rawa gara ƙin tashi. A rarrabe su da na'urorin da ake jona wa waya, masu nasu ma'aunin, kamar Butterfly iQ ta hoton ciki ko KardiaMobile mai ɗaukar bugun zuciya na daƙiƙa 30. Su ma da iyakarsu: ta biyun tana gano wata rikicewar bugu, ba ta gano toshewar jijiyar zuciya mai kisa farat ɗaya, ta farkon kuwa hoto kawai take bayarwa, fassara shi sai wanda ya koya.

Waya tana shiga ɗakin tiyata, ta shiga banɗaki, ta koma gida hannun yara. A wani bincike na 2009 a Turkiyya an shafo wayoyin ma'aikatan asibiti 200, aka sami ƙwayoyin cuta a kan kashi 94.5 cikin ɗari. Maganin abin ba shi da wuya. A cire caja, a goge gaba da baya da gefe da ƙyalle mai ɗan danshin sinadarin alkohol mai ƙarfin kashi 70, a bari ya bushe da kansa. Ba a fesawa kai tsaye, don ruwa na shiga ramin caji da na lasifika, ba a kuma sa bilic. Rigar waya mai zane-zane ko ta fata tana ɓoye datti, gara mai santsi. Wanda ya taɓa waya da safar hannu sannan ya taɓa ciwo, safar ta tashi aiki.

Sirrin mara lafiya shi ne abin da aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Nas ta ɗauki hoton ciwo ta tura wa likita ta WhatsApp, niyya mai kyau, kuma sau da yawa yana taimakawa. Saƙon a kulle yake a hanya, gaskiya ne, amma hoton ya zauna cikin hotunan mai aikawa da na mai karɓa, ya hau ma'ajiyar intanet da kansa, kuma in a zaure aka tura, kowa a zauren ya samu, har wanda ya bar aiki bara ba a cire shi ba. A nemi izinin mara lafiya a rubuta a fayil. Kada fuska ko suna ko katin gado su fito, lambar fayil ta isa. A kashe ajiye hoto kai tsaye, a goge bayan an gama, a kwafe shawarar likita cikin fayil, domin hira a waya ba fayil ba ce. Kowace na'ura ta aiki ta kasance da lambar sirri, ta kulle kanta cikin minti ɗaya ko biyu, kuma a iya share ta daga nesa idan an sace. Hoton ciwo kuma a ɗauke shi da hasken rana, a ajiye ma'auni kusa da shi, in ba haka ba mai dubawa ba zai san girmansa ba.

Ga masu tura saƙon tunatarwa da Hausa akwai wani ɗan abu da ke ninka kuɗi. Gajeren saƙo ɗaya yana ɗaukar harafi 160, amma da zarar ɓ ko ɗ ko ƙ ta shiga, tsarin rubutun ya sauya, iyaka ta koma 70. Saƙon da aka tsara ɗaya sai ya tsage uku, a wasu tsofaffin wayoyi kuma haruffan su fito akwatuna. A gwada a kan waya mafi arha kafin a tura wa dubbai. Kuma kada a ambaci sunan cuta, don ba kullum mai waya ne ke karantawa ba.

A ɓangaren makaranta darasin ɗaya ne, sai dai an fi biyan sa da tsada. Ƙasar Peru ta raba ƙananan kwamfutoci na shirin One Laptop per Child da yawan gaske. Da aka auna a makarantun karkara 319 bayan wata 15, sakamakon da aka fitar a 2012 bai nuna wani ci gaba a lissafi ko a harshe ba. Yara sun iya sarrafa na'ura, amma ba a haɗa ta da darasin da malami ke koyarwa ba. A kwatanta da Botswana a 2020, lokacin da annobar korona ta rufe makarantu: gidaje sama da 4,000, tambayoyin lissafi ta gajeren saƙo kowane mako, wasu kuma a bi su da kiran da bai wuce minti 20 ba, ana warware tambayar da yaro. Waɗanda aka haɗa musu saƙo da kira su ne suka ci gaba, saƙo shi kaɗai bai taɓuka abin kirki ba. Wayar ma ta iyaye ce, ba a saya wa kowa komai ba.

Misalin da ya haɗa fannonin biyu shi ne na gundumar Trans Nzoia a Kenya, inda aka koya wa malamai gwada idon ɗalibai da manhajar Peek. Yaro yana nuna inda harafin E ya fuskanta, malami yana shafa fuskar waya zuwa wannan ɓangare. Wanda ya kasa, sunansa ya tafi asibiti, iyaye kuma su riƙa samun tunatarwa. Kashi 54 cikin ɗari suka je asibitin, a makarantun da aka bi tsohuwar hanya kuwa kashi 22.

Ɗauke hankali matsala ce ta gaske, kuma malamin da ya ce bai gani ba bai zagaya bayan aji ba. Faransa ta hana waya a firamare da ƙaramar sakandare tun 2018, kuma rahoton UNESCO na 2023 ya ce kusan ƙasa ɗaya cikin huɗu ta kafa irin wannan doka. A ganinmu wayar ɗalibi ta kansa daban, na'urar makaranta daban. Ta makaranta a kulle ta kan manhaja ɗaya, duka Android da Apple suna da wannan dama a cikinsu. A rubuta wa kowace lamba, ɗalibi ya riƙa ɗaukar lamba ɗaya kullum, don a san wanda ya fasa. A ƙayyade mata minti 15 zuwa 20 a darasi, da aiki bayyananne, sauran lokaci a kife ta a kan tebur. Amfaninta mafi girma shi ne atisaye daidai da matakin yaro, da ba malami damar ganin wanda ya kasa tambaya ta uku kafin a tashi. Dogon karatu kuwa a bar wa takarda: wani nazari na 2018 da ya tattara bincike sama da 50 ya nuna an fi fahimtar rubutun bayani a takarda, musamman idan lokaci ya matse. Ɗaliban likitanci da na jinya suna cin moriyar manhajoji irin su Anki, masu dawo da tambaya daidai lokacin da aka kusa mantawa, amma haddar tambaya da amsa ba ta koya wa hannu lalubar ciki.

Ba lallai sai da intanet ba. Kolibri da Kiwix, manhajoji masu ɗauke da darussa da kayan karatu, ana zuba su a ƙaramar kwamfuta irin Raspberry Pi, ta watsa wa aji ba tare da data ba. Abin da ke faruwa shi ne yara arba'in su buɗe bidiyo lokaci guda, komai ya tsaya cak, don ɗan ƙaramin mai watsawar ba zai ɗauka ba. A jona masa na'urar watsa sabis ta daban, a zaunar da yara biyu biyu, ko a haska bidiyon sau ɗaya ga kowa. Inda kuma data za a saya, a yi lissafi: bidiyo matsakaici na sa'a ɗaya yakan ci kusan megabait 450, darasin murya na sa'a ɗaya bai kai 15 ba.

Wuta ce ke kashe yawancin shirye-shiryen nan, a asibiti da makaranta baki ɗaya. Tabulet mai batir mAh 7,000 tana ɗauke da kimanin wat-awa 27. Guda arba'in sun haura wat-awa 1,000, da asarar caja a ce 1,400 a kowane cikakken caji, kuma idan an jona su tare suna jan kusan wat 400 na tsawon sa'a uku zuwa huɗu. Wanda zai kafa sola ya fara daga wannan lamba. Fawa-bank mai 10,000 kuma ba ya cika waya mai 5,000 sau biyu, domin kusan sulusi yana tafiya wajen sauya ƙarfin wuta. Zafi shi ne babban abokin gabar batir, masu ƙera su da kansu suna cewa kada a wuce digiri 35 wajen aiki. Akwatin ƙarfe a rufe, tabulet arba'in na caji a ciki, tanda ce. A huda masa mashigar iska, a bar tazara tsakaninsu. Idan za a tafi dogon hutu a bar su da rabin caji a kashe, don wadda aka ajiye babu caji wata uku takan ƙi tashi. Wadda bayanta ya kumbura ko fuskarta ta ɗago, a janye ta nan take, kada a danna, kada a huda. Igiyar caji da ramin caji su ke fara lalacewa, a sayo na ajiya tun farko, da tabulet ɗaya ko biyu na ko-ta-kwana a cikin kowace ashirin.

Roƙonmu ga jaridarku, Malam Edita, shi ne duk lokacin da aka gayyaci wakilinku bikin raba na'urori, ya tambayi wane aiki guda za su yi, wa zai amsa saƙon da suka kawo da cikin sa'a nawa, har zuwa wace shekara kamfanin zai ci gaba da sabunta musu tsaro, da kuma abin da aka ware na batir da gyara da horar da sabon ma'aikacin da zai maye gurbin wanda aka yi wa canji. Ya karɓi lambobin jikin na'urori goma, ya koma bayan wata goma sha biyu ya nemi a kunna masa su.

Mun gode da ba mu fili.

Naku,
Wasu ma'aikatan lafiya da malaman makaranta